James Naismith: Marayan da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando

An haifi James Naismith ranar 6 ga Nuwamba, 1861, kusa da garin Almonte a ƙasar Kanada. Yana ɗan shekara tara zazzaɓin taifot ya yi ajalin mahaifansa, ya tashi a hannun kakarsa da kawunsa.

A Disambar 1891, yana koyarwa a makarantar ƙungiyar YMCA da ke Springfield a Amurka, shugaban sashensa, Luther Gulick, ya ba shi kwana 14 ya samo wasan da ɗalibai za su yi cikin zaure lokacin hunturu. Ya nemi akwatuna bai samu ba, sai ya kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu a jikin barandar zauren, ya ɗauko ƙwallon ƙafa, ya rubuta dokoki 13.

Tsayin barandar nan, mita 3.05, shi ne ma'aunin manya har gobe, daga Amurka zuwa filin da Kano Pillars ke wasa. Ga ƙaramin yaro kuwa ya yi nisa: yakan wurga da dukkan ƙarfinsa, jifarsa ta karkace, ya yi ta kuskure har gwiwarsa ta yi sanyi. Shi ya sa a farkon shekarun 1950 Ba'amurke Jay Archer ya sauko wa yara da kwandon, ya rage girman ƙwallon. A yau wasan ƙanana kan yi amfani da mita 2.60, bin sawun Naismith wajen daidaita kaya da bukatar mai wasa.

Naismith ya shaida shigar wasansa gasar Olamfik a Balin a 1936. Ya rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1939, a Lawrence, jihar Kansas.