Marigayi Farfesa Ishaya Audu: Likitan Yaran da Ya Shugabanci Jami'ar Zariya

Duk wanda ya taɓa ɗauko yaro mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya daga wani ƙauyen Bakura ko Maradun zuwa asibitin Talata Mafara, ya amfana da ilimin da aka tattara a Zariya shekaru hamsin da suka wuce, ko da bai sani ba. Cikin mutanen da suka share fagen wannan ilimi akwai marigayi Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu, wanda muke kawo tarihinsa a taƙaice.

An haife shi ranar 1 ga Maris, 1927, a garin Anchau na ƙasar Zazzau. Mahaifinsa, Malam Bulus Audu, malamin majami'a ne. Ya yi karatun farko a Wusasa, ya wuce kwalejin Yaba a Legas, sannan Ibadan, daga nan ya tafi Landan inda ya kammala karatun likita a 1954. A zamanin nan likitoci 'yan asalin Arewa ba su taka kara sun karya ba. Da ya dawo ya yi aiki da Gwamnatin Jihar Arewa, ya ƙware a kan cututtukan yara, har ya zama likitan Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Ga Firimiya Musulmi, jinin Mujaddadi, ga likitansa Kirista ɗan Anchau, kuma aminci bai taɓu ba. Daga baya ya koyar a Jami'ar Legas, ya kuma yi zaman bincike a Jami'ar Rochester da ke Amurka.

A 1966, yana ɗan shekara 39, aka naɗa shi shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera bayan Bature Norman Alexander. Shekara ce mai ɗaci. An kashe Sardauna a watan Janairu, ƙasa ta rikice, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967. Amma a cikin wannan hali ne aka buɗe sashen koyar da aikin likita a jami'ar, a 1967, aka kuma haɗa asibitocin Zariya da Kaduna da Malumfashi domin koyarwa. Mu tuna a lokacin babu wata makarantar likitoci a duk faɗin Arewa. Jami'ar Sakkwato sai a 1975 aka kafa ta. Ɗan Talata Mafara mai burin zama likita, in ba zai tsallaka Kudu ba, Zariya ce mafitarsa.

Ba shi ne ya jagoranci binciken da ya ɗaukaka sunan makarantar ba, kuma ba za mu jingina masa aikin wasu ba. Nasa shi ne gina gidan da janyo ƙwararru cikinsa. A 1969 Farfesa Eldryd Parry, ɗan Birtaniya, ya zo. Shi da Dokta Neil Davidson suka bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, cutar da ta yi yawa a ƙasar Zazzau fiye da yadda aka saba gani a sauran sassan duniya. Mace za ta haihu lafiya, a yi suna, bayan 'yan makonni sai ƙafafu su kumbura, haki ya kama ta, ta kasa kwanciya sai a zaune. Likitocin sun lura cutar ta fi tsananta lokacin zafi da damina, suka ɗora zarginsu a kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma har kwana arba'in, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa. Hujjarsu ita ce gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki.

Wannan magana ba ta tsaya a nan ba. Binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano, musamman na Farfesa Kamilu Karaye, ya nuna akwai hannun talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da rashin sinadarin seleniyam, ba al'ada kaɗai ba. A ganinmu wannan bai rage darajar aikin farko ba, domin shi ne ya sa aka daina ɗaukar kumburin mai jego a matsayin abin da aka saba. Har yau muna jin ana cewa ai jego ne, zai wuce, ana ƙara mata kunu alhali asibiti take buƙata. Hakimai da kansiloli da ungozomomi su ne suka fi kusa da waɗannan gidaje.

A fannin yara kuwa, Brian Greenwood da Hilton Whittle sun shafe shekarun 1970 a Zariya suna nazarin sanƙarau da ƙyanda. Daga wannan aiki aka tabbatar cewa allura ɗaya ta wani magani mai daɗewa a jiki tana iya warkar da sanƙarau lokacin annoba, abin da ya zama sauƙi ga ƙananan asibitocin karkara masu ƙarancin ma'aikata. Mu a Zamfara ba baƙin wannan cuta ba ne. Annobar 2017 a jiharmu ta fara, a nan kuma ta fi yin ɓarna.

Farfesa Audu ya sauka daga shugabancin jami'ar a 1975. A zaɓen 1979 ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP, sannan ya riƙe muƙamin Ministan Harkokin Waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari har 1983. Bayan juyin mulkin ƙarshen wannan shekara yana cikin 'yan siyasar da aka tsare.

Da aka sake shi bai nemi wata kujera ba. Ya koma Samaru, a bakin jami'ar da ya shugabanta, ya buɗe asibitinsa yana duba marasa lafiya da hannunsa, yana kuma aikin majami'a. Ya rasu a Amurka ranar 29 ga Agusta, 2005, yana da shekara 78, a shekarar da asibitin koyarwa na jami'ar ya tare a mazauninsa na dindindin da ke Shika.