Harry Brearley: Mai Wankin Kwalabe da Ya Hana Ƙarfe Tsatsa

Duk wanda ya taɓa mance fartanya a gona da damina ya san abin da zai tarar bayan kwana uku, ta yi jawur da tsatsa. Amma cokalin da muke shan kunu da shi kullum cikin ruwa yake, kuma yana nan fes. Dukansu ƙarfe ne. Wannan bambanci ne ya sa a wannan mako muka kawo muku tarihin wani mutumin Ingila mai suna Harry Brearley.

An haife shi ranar 18 ga Fabrairu, 1871 a Shefil, garin da ya yi suna wajen narka ƙarfe da ƙera wuƙaƙe. Iyayensa talakawa ne, mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar ƙarfe ta Thomas Firth. Yana shekara 12 ya bar makaranta ya bi mahaifinsa wurin aiki, wato bai ma kai shekarun yawancinmu 'yan aji biyu ba. Daga baya aka mai da shi ɗakin gwaje-gwajen masana'antar, aikinsa wanke kwalabe.

Mun san wasu abokanmu da ke ɗokin ajiye littafi su tafi ci-rani za su ce to ga shi nan, shi ma bai gama makaranta ba. Sai dai a ji sauran labarin. Da rana yana wanki, da dare yana zuwa ajin yamma, a gida kuma yana ta karatun ilimin sinadarai, shekara da shekaru. Da haka ya ƙware har kamfanin ya tura shi aiki Riga, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Rasha. A 1908 ya zama shugaban ɗakin binciken Brown Firth a Shefil.

Kafin mu ci gaba, ga abin da malaminmu na kimiyya ya fahimtar da mu. Zallan ƙarfe ba shi da tauri sosai. Sai an haɗa shi da ɗan kabon, sinadarin da ke cikin gawayi, sannan yake yin ƙwari ya riƙe kaifi. Shi ya sa maƙeranmu na Jabo suke son tsohon sifirin mota in za su ƙera wuƙa ko gatari. In aka ƙara wani sinadarin kuma, halin ƙarfen sai ya sake canzawa, kamar yadda kanwa kaɗan take canza miya.

A 1912 aka ba Brearley aikin nemo ƙarfen da zai jure zafi a cikin bututun bindiga, domin cikinsa yana saurin cinyewa. Ya shiga gwada sinadarin kuromiyam. Ranar 13 ga Agusta, 1913 aka narka masa wani haɗi mai kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Da ya zuba masa asid don ya duba ƙwayoyinsa a madubin ƙara girma, sai ya ga asid ɗin ya kasa cin sa. Ya gwada ruwan lemun tsami da sauran abubuwa masu tsami, nan ma shiru. Dalili shi ne kuromiyam yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen wadda ido ba ya gani. Ko an kankare ta, sai ta sake fitowa da kanta.

Shi ɗan garin wuƙaƙe ne, nan da nan hankalinsa ya tafi kan wuƙar cin abinci. A zamanin, in ba a goge wuƙa an busar da ita ba, tsatsa ce. Amma shugabanninsa ba su ɗauki maganar da muhimmanci ba. Sai wani tsohon abokinsa, Ernest Stuart na kamfanin Mosley, ya taimaka aka ƙera wuƙaƙen farko masu kyau. Da abin ya fara karɓuwa, rigima ta tashi kan wane ne mai haƙƙin ƙirƙirar, har Brearley ya bar aikin a 1915 ya koma kamfanin Brown Bayley. A ganinmu ba a kyauta masa ba.

Don adalci, a daidai wannan lokaci masana a kamfanin Krupp na Jamus da wani Elwood Haynes a Amurka su ma suna irin wannan bincike. Sannan a 1924 magajinsa W. H. Hatfield ya fito da haɗin 18/8, wato kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8, wanda ake yin tukwane, farantai da tankunan madara da shi. Mun gwada da maganaɗisun tsohuwar rediyo. Ya kama wuƙar yanka albasa gam, amma ya ƙi kama wani farantin da muka aro, har gardama ta kaure a aji sai da malam ya raba.

An ba Brearley lambar zinariya ta Bessemer a 1920. A 1941 ya kafa gidauniyar Freshgate da kuɗinsa domin masu ƙaramin ƙarfi irin gidan da ya fito su samu damar karatu da tafiye-tafiye. Ya mutu ranar 14 ga Yuli, 1948 a Torquay, wani gari na bakin teku a kudancin Ingila, yana da shekara 77.