Marigayi Alhaji Abubakar Imam (1911–1981) Da Haƙƙin Da Ya Bari A Wuyanmu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Duk inda aka zauna ana lissafin 'ya'yan Kagara da suka ɗaukaka sunan garin nan, wajibi ne a ambaci marigayi Alhaji Abubakar Imam. Yawancinmu da littattafansa muka koyi karatun Hausa, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi waye ke cin amfanin waɗannan littattafai a yau. Wannan ne ya sa na ga ya dace a tuna wa 'yan'uwa mazauna birane tarihinsa, da abin da doka ta ce game da aikin da ya bari.

Haihuwarsa Da Karatunsa

An haifi Abubakar Imam a Kagara a shekarar 1911, a gidan malamai. Mahaifinsa shi ne Malam Shehu Usman, wansa kuwa shi ne Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina. Ya fara da karatun Alƙur'ani a gida kamar yadda aka saba, sannan aka kai shi Katsina, inda ya yi makarantar boko har ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina. Da ya gama a shekarar 1932 sai ya kama aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina.

Shigarsa Fagen Rubutu

A shekarar 1933 Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai cikin Hausa. Littattafai biyar ne suka fito daga wannan gasa, biyu daga cikinsu kuwa na 'yan gida ɗaya ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. Ganin hazaƙarsa ya sa East ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a shekarar 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku, mai ƙunshe da labarai sama da 80.

A watan Janairu na shekarar 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma Imam ne editanta na Hausa na farko. A 1943 ya tafi Ingila tare da ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 1981.

Aro Daban, Sata Daban

Masana sun tabbatar da cewa labarai da yawa na cikin Magana Jari Ce asalinsu daga wasu ƙasashe ne, kamar Dare Dubu Da Ɗaya na Larabawa da tatsuniyoyin da 'yan'uwa biyu masu suna Grimm suka tara a Jamus. Wasu sukan kafa hujja da wannan su ce ai shi ma ara ya yi, don haka kowa na iya yin yadda ya ga dama da littafinsa. Wannan hujja ba ta da ƙafa. Labaran da ya ɗauko tsofaffi ne waɗanda suka riga suka zama na kowa. Shi kuwa sai ya sake musu tufa, ya sa musu sunayen Hausa da garuruwan Hausa da karin maganar Hausa, ya ɗora su a bakin aku yana ba ɗan sarki labari. Wannan sabon tsari da kalmomin da ya zaɓa su ne guminsa, su ne kuma doka take karewa.

Abin Da Doka Ta Ce

A shekarar da aka haifi Imam ne Ingila ta kafa dokarta ta haƙƙin mallaka, aka kuma shimfiɗo ta zuwa Nijeriya a 1912. Nijeriya ta yi tata dokar a 1970, ta sake wata a 1988 wadda ta kafa hukumar da aka sani yanzu da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya. Dokar da ke aiki a yau ita ce ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta haɗa har da abin da ake yaɗawa ta intanet.

Bisa wannan doka, haƙƙin marubuci a kan littafinsa ba ya ƙarewa da mutuwarsa. Yana ci gaba har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu, a hannun magadansa ko kamfanin da aka miƙa wa haƙƙin. Ga marubucin da ya rasu a 1981, lissafin ya kai ƙarshen shekarar 2051. Littattafan Imam kuwa da tambarin kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, muka san su a makarantu.

Duk da haka, wanda ya zaga kasuwannin littattafai zai tarar da bugu na jabu, takarda mara kyau, shafuka a juye, wasu ma babu su. Ga kuma masu ɗaukar hoton littafi sukutum su watsa ta WhatsApp. Mai yin haka yakan ga kamar taimakon ilmi yake yi, alhali kuwa kowane kwafe na jabu yana rage wa mai haƙƙi abin da zai sake buga littafin da shi. Idan kamfani ya ga ba ya mayar da kuɗinsa sai ya daina bugawa, littafi ya ɓace daga kanti, 'ya'yanmu su tashi da gurɓataccen kwafe mai cike da kurakurai.

Kira Ga 'Yan'uwa

Ya ku 'yan'uwa da ke Minna da Kaduna da Abuja da Legas, hukuma ita kaɗai ba za ta iya tsare kowane kanti da kowace waya ba. Wanda zai saya wa ɗansa Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce ya nemi bugu na asali daga dillalin da aka sani. Masu makarantu daga cikinmu su daina gurza littafi a inji suna raba wa ɗalibai. Mai son mayar da labarin Imam fim ko wasan rediyo ya nemi izini tukuna. Ƙungiyarmu kuma ta duba yiwuwar sayen kwafe na asali ta raba wa makarantun Ƙaramar Hukumar Rafi.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da wansa Malam Bello, Ya sa Aljanna ce makomarsu, Ya ba mu ikon kiyaye haƙƙin juna. Amin.