Babban Gwani Muhammadu Durugu: Maginin da aikinsa ke jiran magada

Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, shi ne maginin da ya fi shahara a ƙasar Hausa a ƙarni na 19, har laƙabin Babban Gwani ya danne sunansa na yanka. A zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, ya gina Masallacin Juma'a na Zariya. Wajen 1860 kuma ya gina wa Madakin Bauchi gida a Kafin Madaki, wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1956.

Kayan aikinsa ba su wuce na sauran magina ba: tubali, jar ƙasa da azara ta giginya, wadda gara ba ta cika cin ta ba. Gwanintarsa tana wajen ɗaurin baka. Yakan jera azara bisa azara, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe kafin a ɗora wata, har bakan gizo ya haɗe a sama ya ɗauki nauyin rufi. Da haka ya rufe faffaɗan zaure da itacen da shi kaɗai ba zai iya haye shi ba.

Labarin baka ya nuna cewa wani Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gina masa masallaci, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi.

Gininsa kuwa rayuwarsa tana hannun masu kula. Sai an sabunta yaɓe da makuba, an gyara indararo kafin damina, an sauya azarar da ta ruɓe ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi gaggawa ya shafa siminti ya kulle danshi cikin bango, ƙasa ta riƙa zubewa daga ciki. A shekarun 1970 an lulluɓe abin da ya rage na masallacin Zariya da ginin kankare, an kuma gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos.

Takardar gwamnati ba ta tare ruwan sama. Muddin babu kasafin gyara duk shekara, babu matasan da ke koyon ɗaurin baka a hannun tsofaffin magina, to sakaci zai ƙarasa abin da takobi ya fara.