Paul Ehrlich, Likitan Da Ya Ci Karo Da Katangar Ƙwaƙwalwa

'Yan'uwa mazauna Kurmi, ba sai an ba ku labarin ƙudan tsando da ciwon barci ba. In ciwon ya yi nisa, ƙwayarsa takan shige ƙwaƙwalwa, yawancin magunguna kuwa su tsaya a waje. Wanda ya fara cin karo da dalilin haka shi ne Paul Ehrlich, wani likita Bajamushe da aka haifa a 1854.

Tun yana ɗalibi ba shi da abin so kamar rini. A 1885 ya ɗura rini cikin jinin dabbobi, da ya feɗe su sai ya tarar kayan ciki sun rinu, ban da ƙwaƙwalwa. Amma fa ya kuskure dalili, ya zaci namanta ne ba ya kama rini. Sai a 1913 almajirinsa Edwin Goldmann ya zuba rinin cikin ruwan laka, ƙwaƙwalwa ta rinu, sauran jiki bai rinu ba. Ashe katanga ce tsakaninta da jini!

Babban burinsa shi ne magani mai faɗa wa cuta kaɗai, ya ƙyale majiyyaci. A 1904 wani jan rininsa ya warkar da ɓeraye daga dangin ƙwayar ciwon barci. Ya sami lambar Nobel a 1908, maganinsa na tunjere, watau Salvarsan, ya fito a 1910. Ya mutu a 1915.

Yanzu masana na ɗura magani cikin 'yan ƙwayoyin kitse waɗanda ido ba ya gani, don su tsallaka katangar da shi, amma yawancin gwajin a jikin dabbobi ake yi tukuna.