James Hutton, likitan da ya gano asalin dutse a cikin wuta

Mu nan Sabonjida ƙasarmu shimfiɗe take, sai ka kama hanyar Bolga ka kai wajen Tongo kafin ka ga manyan duwatsu sun hau kan juna. Yau zan kawo muku tarihin James Hutton, mutumin da ya nuna yadda irin waɗannan duwatsu suka samu.

An haife shi a birnin Edinburgh na Sukotland a 1726. Ya karanci likitanci, ya sami digiri a Leiden ta ƙasar Holan a 1749, amma bai zauna duba marasa lafiya ba, gonar gado ya koma. A can ya lura ruwan sama kullum yana kwashe ƙasa zuwa teku, sai ya shiga tunanin inda sabon tudu ke fitowa.

A wancan zamani yawancin masana na bin Abraham Werner na Jamus, wanda ke koyar da cewa duwatsu, har da giranit, a ƙarƙashin wani tsohon teku suka kwanta. Hutton bai yarda ba. A ganinsa akwai zafi a cikin ƙasa da ke narka dutse kamar yadda maƙeri ke narka dalma, narkakken ya taso, ya huce, ya daskare.

To, magana sai da shaida. A 1785 ya tafi kwarin Glen Tilt, ya tarar da jan giranit ya ratsa tsofaffin duwatsu kamar jijiya a cikin nama. Ai sai abu mai ruwa-ruwa ne zai iya kutsawa tsaga haka. Murnar da ya yi ta sa 'yan rakiyarsa suka zaci zinariya ko azurfa ya tsinta.

Bai sha da daɗi ba fa. A 1793 masani Richard Kirwan ya soke shi, har da zargin rashin imani, alhali Hutton yana ganin hikimar Mahalicci ce a wannan tsari. Yana fama da ciwo ya fitar da littafinsa a 1795, mai wuyar karatu, ya mutu ranar 26 ga Maris, 1797, mutane da yawa ba su gaskata shi ba.

Abokansa ne suka ƙarasa aikin. James Hall ya narka baƙin dutse a tanderu: wanda ya huce da sauri ya zama kamar gilashi, wanda ya huce a hankali ya koma dutse mai ƙwayoyi. Shi ya sa giranit, da ke hucewa can ƙarƙashin ƙasa, ke da manyan ƙwayoyi, wanda aman wuta ya watso waje kuwa nasa ƙanana ne. John Playfair kuma ya sauƙaƙa bayanin a littafinsa na 1802.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai tsaya musu a zaure ba, ya taka ya je ya gani. Duk ranar da kuka bi ta Tongo, ko Kufena ta Zariya, ku ɗauki ɗan dutse ku duba ƙwayoyinsa.