Al-Jazari: Injiniyan da Ya Iya Tsara Bayani

A shekarar 1206, a birnin Amid, wanda yau ake kira Diyarbakir a Turkiyya, wani injiniya ya kammala littafin da sarkinsa Nasiruddin Mahmud ya sa shi rubutawa. Sunansa Al-Jazari, don mutumin Al-Jazira ne, ƙasar da ke tsakanin kogin Dijla da Furat. Kafin nan ya yi shekara 25 yana wa gidan sarautar Artuk aiki: agogon ruwa, injinan ɗebo ruwa, har da buta mai zuba ruwan alwala da kanta.

Masu sana'a irinsa ba su cika damuwa da rubutu ba. Aiki a bakin maigida yaro ke koyonsa, ranar da maigida ya kwanta dama kuwa rabin ilimin ya bi shi. Al-Jazari bai tsaya ga rubutawa kawai ba, sai da ya zauna ya tsara. Na'urori 50 ya kasa gida shida. Huɗun farko goma-goma: agogo, kwanukan sha, butoci da tasoshi, sai maɓuɓɓugan ruwa da kayan kiɗa masu buga kansu. Biyun ƙarshe biyar-biyar: injinan ruwa, da tarkacen da suka ƙi shiga ko'ina, irin su ƙofar fada da kwaɗo mai lambar sirri.

In ka buɗe babi, zai fara gaya maka yadda abin yake a ido da aikin da yake yi, sannan ya warware shi guntu-guntu, sannan yadda ake harhaɗawa. A jikin zanen ya sa haruffa, cikin bayanin ya riƙa kiran kowane guntu da harafinsa. Duk wanda ya taɓa fama da takardar bayanin janareta, wadda za ta ce ka kunna kafin ta nuna maka inda ake zuba mai, ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Yau kamfanonin injuna da na manhaja sukan ɗauki mutum musamman don wannan. Ba mai cika shafuka ba, a'a, wanda zai yanke me zai zo farko, me zai biyo baya, ta yadda baƙo zai yi aikin ba sai ya nemi injiniyan ba. A ganina 'yan ajin ƙarshe da ke ɗaukar rahoton furojet kamar horon dole, ya kamata su sake lissafi.

Na'urorin da ya ƙera da hannunsa dai ba su iso zamaninmu ba. Littafin ne ya iso, kuma akwai kwafin 1206 a Topkapi, a Istanbul. Injiniya Donald Hill ya fassara shi zuwa Turanci a 1974, kuma a 1976 aka bi bayanin aka sake gina babban agogon ruwansa a Landan. Agogonsa mai siffar giwa ma an ƙera shi, yana tsaye a rukunin kantunan Ibn Battuta da ke Dubai.